Lauyar da ta kayar da ni a kotu ta tafi

Da safen nan ina shirin tafiya makaranta waya ta shigo: Mama Barista ta rasu.

Na zauna a kan babur, na kasa tada shi.

Waɗanda suka san ni a Kafanchan za su yi mamakin wannan rubutu, don Barista Hannatu ba lauyata ba ce. Lauyar Lami ce, tsohuwar matata. Ita ce ta kayar da ni a kotu, kayarwa kuwa ba ta wasa ba.

Na je kotun nan da kawunnaina uku daga Samaru Kataf, kowa ya sha babbar riga. Sun riga sun tabbatar min magana ta ƙare: an mayar da sadaki, aure ya mutu, 'yarmu Zugwai kuma ta gidanmu ce, haka muka gada. Abin da dukanmu muka manta shi ne, ranar biki bayan coci mun biya ta ofishin rajistar aure mun sa hannu. Ni dai a lokacin na ɗauka hoto muka je yi.

A barandar kotu Barista Hannatu ta tare ni, ta ce, "Malam Bulus, wannan aure ba dattawa za su kashe shi ba, sai Babbar Kotu. Shekara biyu kuna zaune dabam, kai ma ba ka ƙi rabuwar ba, doka ta karɓi wannan dalili. Amma yarinya ba ta bin sadaki. Alƙali zai duba inda za ta fi samun kulawa ne."

Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba.

Alƙali ya bar Zugwai wajen uwarta, ni aka ba ni kowace Asabar da rabin hutu. To a ina zan karɓe ta? Surukaina sun ce kada ƙafata ta taka gidansu, namu ma suka ce Lami kada ta zo. Sati biyar takardar kotu na hannuna, ban sa 'yata a ido ba.

Sai Mama Barista ta kira ni. "Ka zo gidana ranar Asabar ƙarfe tara. A kotu ina da gefe, a gidana ba ni da shi."

Haka muka yi shekara huɗu. Lami ta kawo yarinyar takwas da rabi ta tafi, ni in zo tara, in tarar da Zugwai a gindin mangwaro tana shan shayin citta. Wata rana na makara sosai, yarinyar har ta fara kuka. Mama ta ce mata, "Babanki ya tsaya sayo miki rake ne." Ina isowa ta kore ni tun daga bakin get, sai da na koma kasuwa na nemo raken.

Asabar ɗin da ta wuce na same ta a kujerarta ta roba, ta rame, amma bakin nan yana nan. Ta ce, "Ni ba zan yi ta zama muku tasha har abada ba. Kai da Lami ku koyi gaishe da juna." Na yi dariya na ce sai ta yi ritaya tukuna. Da na sani da na daɗe a zaune.

Yau Alhamis. Jibi Asabar, ba wanda zai buɗe get ɗin nan ƙarfe tara.

Lami ce ta kira ni da safen. Rabon da in ji muryarta a waya tun kafin shari'a. Kowannenmu yana jin kukan ɗan'uwansa. Kafin ta kashe ta ce, "Baban Zugwai, jibi ka zo gida ka ɗauke ta. Ka shigo ciki, kada ka tsaya a waje."

Mutum ɗaya nake so in gaya wa wannan labari, ita ce kuma ba ta nan. Mama, ina kewarki ƙwarai.

Ubangiji ya karɓe ki cikin hutunsa, ya ta'azantar da 'ya'yanki da dukanmu da muka sha inuwar gidanki. Duk wanda ya karanta, don Allah ka sa ta a addu'a, ka sa Zugwai ma. Har yanzu ba mu gaya mata ba, mun ce jibi za mu gaya mata tare.