Karatun Baba a Baƙin Allo

Hambali ƙanena ne, kuma tun yana yaro bai san "ya isa haka" ba. Ko abinci aka ba shi ya kai gona, sai ya tsaya gyaran ɗaurin kwano har tuwon ya huce.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ya rufe gidan kallonsa na Gwarzo, ya sayi wata tsohuwar kwamfuta yana buga wa mutane takardu. A lokacin ne idon Babanmu, Malam Nata'ala, ya fara rauni. Hambali yakan je Kabo da rikoda ya ɗauko karatun fiƙihun da Baba ke bayarwa a zaure, ya dawo ya buga. Baba ya hana a rarraba shi kashi-kashi. "Littafi guda ne, ba naman layya ba," in ji shi. Haka fayil ɗin da yake tara rubutun a ciki ya yi ta kumbura, har ta kai da an taɓa shi sai kwamfutar ta sandare.

Abu ɗaya Baba yake so: a karanto masa, ya gyara kuskure da bakinsa kafin wani ya yi aiki da shi.

Hambali ya duƙufa gaban baƙin allon kwamfutar, inda ba hoto sai umarnin da ka rubuta. Ya haɗa ɗan shirin kwamfuta da ke ɗebo rubutun kaɗan-kaɗan, kamar awo da mudu. Tun kafin ruwan shuka abin ya yi aiki, da idona na gani.

Na ce, "To ɗauki ka kai wa Baba."

"Yaya Furera, ai shirin bai iya neman kalma ba tukuna."

Ya koya masa neman kalma, sannan komawa baya, sannan tsallaka babi. Ga wuta ba ta zuwa, ga fetur sai na 'yan bumburutu. Aka yi noma, aka yi girbi, Baba yana ta aike. Na yi faɗa har na gaji.

Sai bayan babbar sallah ya ɗaure kwamfuta da janareta a babur ya nufi Kabo, baki har kunne.

"Baba, faɗi babin da kake so, yanzu in tsallaka can."

"A zauren nan ka taɓa ganin an tsallake karatu? Faro daga bisimilla."

Kullum bayan la'asar suka riƙa bi layi-layi, Baba yana gyarawa. Sun gama babin tsarki da na salla, suna cikin na zakka ciwo ya kwantar da Baba, bai tashi ba. Wasiyyarsa ita ce, abin da kunnensa bai ji ba kada a ba kowa.

Har yau haushin yaron nan nake ji, ga kuma tausayi. Ɗaliban Baba kan zo tun daga Kutama neman babin gado. Hambali yana iya fito da shi kafin ƙiftawar ido, amma sai dai ya ba su haƙuri ya raka su bakin titi.