Gonar da Aka Daɓe

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai bar mini shanu ba. Abin da ya bari shi ne 'yan littattafai a cikin gafaka da gona guda a bakin ƙauyenmu, kusa da Dodoru a ƙasar Gwandu. Gonar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma, babu tudu babu kwari. Ƙasarta baƙa ce wuluk, domin tun ina ƙarami duk rani wani Bafulatani aminin mahaifina yake sauke shanunsa a ciki, su ci kara su bar taki. A shekarar da nake magana, saura kaɗan Turawa su tafi, ina da mata da ɗa na goye. Abin da gonar nan ta bayar shi muke ci daga kaka zuwa kaka. Ba ni da wata.

Bayan an gama girbi sai dagacinmu ya aiko kirana. Na same shi a zaure da dattawa, da wani saurayi malamin makarantar boko wanda aka kawo yankinmu bai daɗe ba. Malamin ne ya koya wa yaranmu ƙwallon ƙafa. Ya ce an shirya yaran makarantun ƙasar Gwandu su kara da na Kalgo, manya za su zo kallo, har ana sa ran Bature, kuma ya roƙa a yi wasan a wurinmu. Sai ya zaro wani hoto da ya yanko daga jarida. Wani gini ne da aka yi a wata ƙasa can bayan teku, domin ƙasashen duniya su taru su yi gasar ƙwallo. Zagayayye ne kamar akushi, mutane sun hau bisa juna hawa-hawa kamar tururuwa, a tsakiya kuma ga fili sumul, launin toka, ko ɗigon rami babu. Hoton ya zaga hannun dattawa, kowa ya yi tasbihi.

Dagaci ya ce a duk ƙauyen babu wuri shimfiɗaɗɗe kamar gonata. Aro yake nema, na rani guda, kafin ruwan shuka a mayar mini da abina. Aron gona ba baƙon abu ba ne a wurinmu, kuma dagacin nan shi ya yi wa gawar mahaifina wanka. Na ce, “Baba, ai gonarka ta.” Aka shafa Fatiha.

Malamin ya auna tsawo da faɗi da igiya, ya kafa turaku, ya ce a gyara wurin ya yi kyau. Washegari ya tafi Sakkwato wani karatu da aka tura shi. Hoton ya bar shi a hannun dagaci.

A ƙauyenmu akwai wata tsohuwa, sa'ar kakata, wadda duk ɗakin amarya ita ke jagorantar daɓensa. Ni angonta take kirana, irin wasan jika da kaka. Aka nuna mata hoton. Ta kai shi bakin ƙofa wajen haske, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wannan ai daɓe ne, kuma wadda ta yi shi ta san hannunta. Babu wanda ya musa. Mu a saninmu, ƙasa ba ta yin sumul haka sai an daɓe ta. Inda za a sauki babban baƙo kuwa, daɓewa ake yi. A bar manya su zo su tarar da kututturen gero, wannan abin kunya ne da za a yi ta faɗa a kasuwar Gwandu.

Aka kira gayya. Maza suka fara da kankare ƙasar sama, wai tana da laushi ba za ta riƙe daɓe ba. Ba a zubar da ita ba, aka kwaɓa ta da ciyawa aka gina dakali hawa-hawa a gefen yamma, kamar yadda aka gani a hoto. Jakuna suka yi ta jido marmara daga gindin dutse, ana zubawa ana bajewa. Daga nan mata suka karɓa. Sun zo daga ƙauyenmu, sun zo daga ƙauyen Ceberu, kowace da madaɓinta. A yayyafa ruwa, su jeru a durƙushe, su sauke madaɓai tare bisa waƙa. Duk kwasfar ɗorawar da ke yankin an jiƙa ta an yi makuba, ana kwarara wa ƙasar har ta yi duhu tana sheƙi. Matata tana cikin sahu, da ɗanmu a bayanta.

Ranar da na ga baƙar ƙasar mahaifina a cikin kwanduna bisa kawunan mutane, sai na je wajen tsohuwar na tambaye ta ko galma za ta iya shiga wannan wuri bayan sun gama. Ta ɗago, zufa na zuba, ta yi mini dariya.

“Angona, kai da ko zane ba ka taɓa saya min ba, yau rowar ƙasa kaka yi min? Tahi ka ɗebo muna ruwa.”

Mata suka kwashe da shewa. Na koma wajen dagaci, ya ce in kwantar da hankalina, abin da hannu ya daɓe ruwan sama zai kwance. Ban san wanda ya taɓa daɓe gona ba balle in kawo hujja.

Malamin ya dawo ana gab da wasa. Gari ya rako shi har bakin fili domin a ga farin cikinsa. Ya tsaya, ya buga ƙasar da dunduniyar takalminsa, ta amsa kamar bayan turmi. Daga baya, da murya ƙasa-ƙasa, ya gaya wa dagaci cewa abin da ke cikin hoton ciyawa ce, kore shar, ana aske ta kamar kai. Hoto ne ba ya nuna launi. Dagaci ya ce to me ya hana shi faɗa. Malamin ya ce bai zaci akwai wanda zai ɗauka wani abu ne daban ba.

Yaran Kalgo suka iso a bayan babbar mota. Bature bai zo ba, manyan ma wakilai suka aiko. Aka fara wasa, yaran duka ba takalmi, ga rana ta gasa daɓen. Ƙwallo in ta faɗi sai ta tashi sama ta wuce kan kowa. Ba a jima ba wani yaron Kalgo ya faɗi, fatar gwiwarsa da ta tafin hannunsa suka saɓule. Wani namu ya bi bayansa. Malamin yaran Kalgo ya shiga tsakiya ya ɗauke ƙwallon, ya ce shi amanar 'ya'yan mutane ya ɗauko. Aka koma wata saura bayan kasuwa, aka kafa sanduna, a can aka ƙarasa cikin ƙaya. Ban bi su ba. Har yau ban san wanda ya ci ba.

Dagaci bai saɓa alkawari ba. Kafin hadari ya fara haɗuwa ya kira ni gaban dattawan nan, ya ce, “Ga gonarka, mun gode. Allah shi yi albarka.”

Ruwan farko ya sauka, na fita da sungumi tun da asuba kamar kowa. Ruwan bai shiga ƙasa ba. Ya kwanta a sama kamar a cikin tasa, ya gangare ta gefe ya tafi. Na sara, sungumin ya dawo mini har kafaɗa. Na aro diga wurin masu gyaran hanya, na yi ta fasa ramuka ina zuba iri. Inda na fasa, marmara ce a ƙasa, ƙarƙashinta kuma jar ƙasa marar rai. Geron ya fito, ya kai tsawon taƙi, ya yi rawaya ya tsaya. Na ce bari in rushe dakalin in mayar da ƙasata, sai na tarar ruwan sama ya riga ni, ya narkar da fiye da rabinsa ya kai kududdufi.

Da rani Bafulatanin ya zo da shanunsa kamar kullum. Ya zaga wurin da sandarsa bisa kafaɗa, ya ce babu kara, kuma saniya ba ta kwanciya a kan dutse. Saboda mahaifina ya yi kwana kaɗan, sannan ya ba ni haƙuri ya wuce. Ɗan takin da suka bari, ruwan damina ya wanke shi.

Na san abin da littattafai suka ce game da kayan aro idan ya lalace. Na kai maganar wurin limaminmu, wanda a gabansa na yi karatu. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce gaskiyata ce, amma wa zan kama? Babu gidan da hannunsa bai taɓa madaɓi ba, har gidana, kuma babu wanda ya yi da mugun nufi. Ya ce in yi haƙuri, Allah ba ya barin bawansa. Na yarda da wannan, har gobe na yarda. Amma rumbuna babu komai, kuma matata ta fara auna tsaba da ludayi.

A kaka ta biyu na ga wata maƙwabciya ta shanya barkono a kusurwar filin. Bayanta wasu suka kawo gero suka sussuka, domin babu yashi babu tsakuwa, tsaba ko guda ba ta ɓata. Kafin shekara ta zagayo, nan ne masussukar gari duka. Suna yabon wurin a gabana. In sun gama, mai kirki ya aiko wa matata da ɗan abin da ya sawwaƙa a ƙwarya, ta karɓa tana kawar da kai.

Na yi shekaru ina fasawa kaɗan-kaɗan, ban taɓa samun damin da zai kai mu tsakiyar rani ba. Da na gaji, na sa gonar a kasuwa. Na bi masu hali ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce ba ta nomuwa, shanya da sussuka kuwa ai ba a taɓa hana kowa ba, don me zai saya?

Wani ɗan'uwan mahaifiyata a Wurogauri, can ƙasar Kalgo, ya aiko cewa ana neman hannu a fadamar shinkafa. Muka ɗora gafaka da tukwane bisa jakin aro, ɗana yana tafe da ƙafarsa. A fadamar nan na tsufa, ina noma wa mutane. 'Ya'yana sun tashi a nan, babu wanda ya gaji ko taƙi guda na ƙasa daga gare ni.