Zabuwar da Ta Tafi Rabah

A bayan ƙwarya na koyi ƙirga. Kakata ta wajen uba mai zanen ƙore ce. Takan sa ƙarfe a wuta ta ƙona musu ado, ranar kasuwa a kai Goronyo. Akwai wata babba da ta hana a sayar, wadda ta zana wa zabi goma a jere, kowace da halinta. Ta ɗaya mai girman kai, ta uku ɓarauniyar gero, ta biyar kuwa wai da wani kawunmu take kama, kuma wallahi akwai kamar.

Da ita take tara mu, mu jikoki, ta kama yatsan yaro tana ɗora shi a kan zabin muna faɗa. Sai wata rana akuya ta taka ƙwaryar ta tsage. Gyartai ya ɗinke ta tsaf, amma ɗinkin ya cinye zabuwa ta bakwai, ƙafa ɗaya kawai ta rage. Muka tambayi inda take. Kaka ba ta yarda a ga kasawar aikinta, sai ta ce, "Ta tahi biki Rabah."

Shi ke nan ƙirgarmu ta zama: biyar, shida, bakwai ta tafi Rabah, takwas. Ni har tausayinta nake ji, don na san tafiyar da nisa ga mai ƙafa ɗaya.

Lokacin Turawa ne, ana bin ƙauyuka ana ɗaukar yara zuwa makarantar boko. Aka ce wani malami zai zo ya zaɓi waɗanda za a kai Wurno. Hankalin Kaka ya tashi, domin ni ne mai hura mata wuta, ni ne kuma wanda take kira mijinta. Ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Maigida, in an ce ka yi ƙirga, ka yi ta yadda muka yi gida. Shi ɗauka ba ka da wayo, shi bar min kai."

Na ji haushi ƙwarai. Ashe ta san ƙirgarmu ta wawaye ce!

Malamin ya zo a kan keke, aka jera mu a ƙofar mai gari. Sauran yara an riga an koya musu su yi kamar wawaye, kowa ya saki baki yana kallon sama. Da aka zo kaina na buɗe murya na yi tawa, har da Rabah. Malamin ya tsaya.

"Mi tat tahi yi Rabah?"

"Biki, Malam."

"Yaushe za ta dawo?"

"Ba da wuri ba, ƙahwa guda gare ta."

Ya yi dariya har kekensa ya faɗi. Ya share hawaye ya ce da mai gari, "Duk cikinsu wanga kaɗai ya san akwai bakwai. Shi za ni ɗauka."

Kaka ta zagi akuya, ta zagi gyartai, ta zagi keken. Zabuwar kaɗai ta ƙyale. Daga nan ta daina yi mini magana, ta sa ƙanwata hura wuta, ita kuwa ƙanwar tawa toka kawai take watsa mata a fuska.

Ranar tafiya, jaki na jira a ƙofar gida, ta fito da ɗan ƙoƙo sabo, har yana ƙaurin ƙuna. Zabuwa ɗaya ce a bayansa, da ƙafafu biyu cif, ta yi ƙiba kamar wadda ta ci tuwon biki. Na so in yi dariya, kuka ya riga ta.

Kaka ta danna mini shi a ƙirji ta ce, "Ga bakwai nan. Ita mai ƙahwa guda ma ta dawo gida. Kai da ka da biyu, kada in ji wani zance."