Tafinta a Ƙofar Rumbu

A shekarar da jam'iyyu suka fara kafa tutoci a Gidan Sori, ni ba ni da jam'iyya. Na bar lakol, wato makarantar boko, na dawo gona, kuma abin da nake ɗoki a mako shi ne ranar kasuwar Gidan Rumji, inda wani mai tebur yake ba da hayar littattafan soyayya da ake kawowa ta Katsina. A cikinsu saurayi da mota yake zuwa zance, budurwa ta fito masa da lemo mai sanyi. Ni da ƙafa nake zuwa, wadda nake so kuma hura take fito mini da ita, in akwai.

Daminar ba ta yi kyau ba. Bayan kaka sai motar wani furoje na agaji ta zo da wata Baturiya, maigari ya ce in yi mata tafinta tunda ina jin faransanci. Ta yi mini bayanin aikin: suna auna abin da kowane gida yake samu, a gwada gida da gida, sannan a gwada ƙasarmu da sauran ƙasashe. Gidajen da suka fi rashi za a ba su hatsi. Na tambaye ta ina Alhajin garinmu, mai shanu da babur, zai faɗa a ƙasarsu. Ta ce wataƙila cikin masu neman taimako. Ban ƙara tambaya ba.

Abin da ba ta sani ba shi ne a wurinmu ba a faɗin cikin rumbu. Alhaji ya rantse shanun na ajiya ne, babur ɗin ma aro. Waɗanda ba su da komai kuwa sai su gyara zama su ce sai godiya.

Har muka iso gidan su yarinyar da nake so. Ta riga ta gaya mini an share rumbunsu, ganyen tafasa uwarta take kwaɗa musu. Babanta ya shimfiɗa mana tabarma, ya san sarai abin da ke kawo ni ƙofarsa da la'asar. Baturiya ta ce in tambaye shi hatsinsa zai kai su yaushe.

"Gaya mata, ɗana," in ji shi, yana kallona, "zai kai mu sabuwar kaka, har mu sam ma maƙwabci."

Ina jin motsi a bayan danga, na san ita ce. Na juya na faɗi maganar da faransanci kamar yadda ya faɗa. Baturiya ta nemi ta leƙa rumbun, na ce baƙo ba ya hawa rumbun mutum a nan. Ta nemi gafara, muka wuce gida na gaba.

Da hatsin ya zo, babu gidan su yarinyar a ciki. Yarinyar ta tare ni a hanyar rijiya, ta ce babanta yana ta yabona, wai ni ɗan mutunci ne. Ta ce da na tona shi gaban baƙuwa, ita ma ba za ta ƙara kallona ba. Sannan ta sauke murya ta ce za su tafi cin rani Katsina, wurin kawunta. Na nemi irin kalaman da na haddace a littattafan soyayya, ko ɗaya bai zo ba. Allah ya kiyaye hanya kawai na ce.

Amalanke ya kai su bakin titi. Da ruwan farko uban ya dawo da ƴaƴansa maza, ita kuwa an bar ta can tana taya matar kawun sayar da abinci, wai baki ɗaya ya ragu a gida. Ba ta dawo ba.

Gonarmu tana iyaka da tasu. Duk daminar nan uban ne yake riga ni gaisuwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, in tambayi nasa, ya ce duk lafiya. Sai kowa ya duƙa ga haiwarsa.