Akwatin Koke da Rubutun Yaya Hajara

Shekara tara ke nan da muka binne Yaya Hajara a Aujara, kuma har yau ban taɓa faɗa wa kowa abin da ya raba ta da aji ya mayar da ita ƙauye ba. Ni ne.

'Yar kawuna ce, malamar jinya a wata makarantar koyon aikin asibiti da ba zan kama sunanta ba. Ita ta samo mini aikin masinja a can, don karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba. Aka damƙa mini mabuɗin akwatin koke, wani koren akwati da ke rataye a bakin ofis. Wai duk ɗalibin da aka zalunta ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba.

Kowace Litinin nakan kwashi takardun in kai wa shugaban kwamitin ladabtarwa. Shi ne kuwa likitan da yawancin takardun ke kuka da shi. Mutum ne mai sa ɗalibi durƙuso a gaban gadon majinyaci, mai maƙa wa ɗaliba fayil a fuska don ta yi jinkirin amsa tambaya. Yakan shimfiɗa koken a tebur, ya jera takardun jarrabawa, ya yi ta gwada rubutu da rubutu. Kafin azahar ya gano mai shi. Ƙarshen zango ɗalibin ya faɗi jarrabawar baka. Ni nake ɗauko masa takardun, ni nake kawo masa shayi.

Da Yaya ta gane, sai ta ce ɗalibai su riƙa kai mata kokensu. Ta kwafe da manyan baƙaƙe, ta ƙone na asalin, ta jefa nata. Wata uku likitan yana gwaje-gwajensa bai dace ba.

Ran nan ya ce, “Kai Sale, akwatin nan aljanu ke zuba masa takarda ne?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba.”

“Za ka sani. Ko ka koma garinku kiwon awaki.”

Bai mare ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Kafin shayinsa ya huce na faɗi sunanta.

Kwamiti ya zauna, a kanta, ba a kansa ba. Suka raɗa wa laifinta suna tunzura ɗalibai. Suka nemi sunayen yaran, ta ce ta manta. Aka tura ta wani ƙaramin asibitin ƙauye, ba ta sake tsayawa gaban allo ba har rashin lafiya ya ɗauke ta. Ranar da take haɗa kaya na je taya ta. Ta dube ni ta ce, “Sale, ɗaure katifar nan da kyau.” Ta sani.

Yanzu an cire akwatin, wai an ci gaba. A waya ake cike fom na sirri, kuma layinsa na farko lambar ɗalibi yake tambaya. Da Yaya tana nan, dariya za ta yi ta ce sun dai hutar da mutumin gwada rubutu. Shi kuwa gemu ya yi fari, ana gayyatarsa otal a Dutse ya yi lacca kan mutunta ɗalibi. Waɗanda suka zauna a kwamitin nan su ne a sahun gaba suna tafi. Ina raina su, amma ba ni da bakin zagi. Su suna da kujera da za su kare. Ni tsawa ma ba a yi mini ba.

Ba a sa wa ko ɗaki ɗaya sunanta ba. Abin da ta bari bai wuce dabarar nan tata ba, da bakin da ta kama.

Watan jiya 'yar maƙwabcina a unguwar Takur, Maryam, ɗaliba a makarantar nan, ta zo da takarda a ninke. Wani malami ne ya sa ta gaba, ga jarrabawa ta matso. Na daɗe da ajiye aiki, ba sauran mai korata. Na kwafe koken da karkataccen rubutuna, na ƙone nata, na sa sunana a ƙasa, na kai ofis da ƙafata.

Sakatare ya juya takardar ya ce, “Baba, wace ɗaliba ce?”

Na ce, “Ɗana, na manta.”

Allah ya jiƙanki, Yaya. Ki yafe mini.