Sanda Ɗaya, Ni da Jikata

Shekarar da aka yi wa jikata aiki aka ciro mata ɗa, ni aka fara kafa wa doka tun kafin a kafa wa mai jego. A matanite, asibitin haihuwa na Magariya, abin ya faru. Na leƙa ɗakin, na gan ta kwance, fuska kamar an shafa toka, sai bakina ya riga hankalina kamar yadda ya saba.

"Amarya, ashe haka kike da rowa? Ɗan ma sai da aka yanka ki aka ƙwata?"

Ta soma dariya, dariyar ta koma ƙara. Ta dafe ciki da hannu biyu, hawaye na zuba. Ungozomar likita ta kama mini hannun riga ta fito da ni.

"Baba, ɗinki ne a cikinta, dariya na jan shi. In bakinka ba zai zauna ba, ga inuwar dogon yaro can."

Na je na zauna. Ni dai lakwal, makarantar boko, ban daɗe ba mushe, malaminmu, ya ce jakin gidanmu ya fi shi bukatata. Malam ɗin da tsohuwata, wato matata, ke ce mini ladabi ne kawai. Abu biyu na iya a duniya, noman gero da ba mutane dariya. Gwiwa ta ƙwace na farko, ga shi likita ta ƙwace na biyu.

Mu muka raini yarinyar, mijinta kuma yana cirani, don haka gidanmu aka maido ta, can bayan Yekuwa. Inda mota ta tsaya amalanke ya ɗauka, kowane rami sai ta cije leɓe. Kafin a sallame mu ungozomar ta yi wa tsohuwa bayani: a sha magani kan lokaci, kada a fyaɗa mata ruwan zafi da ganye sai ciwo ya warke, in tari ya zo ta danne cikin da matashin kai. Ta ƙara da cewa lallai ta riƙa tashi tana takawa kaɗan-kaɗan, don yawan kwanciya na daskarar da jini a ƙafa, yana iya kashe mai jego.

Wannan na ƙarshen shi ya gagara. Yarinya ta kwanta ta ƙi motsi, sai in ya zama dole, shi ma da kuka. Maganin yana rage zafi, amma tsoro ba shi da ƙwaya. Ta ce idonta biyu aka yi aikin, ba ta ji ciwo ba, amma ta ji ana jan cikinta kamar ana zazzage buhu.

"Tsoho, in na miƙe ɓarkewa zai yi. Na sani."

Ko jaririn sai an ɗora mata, ta ba shi nono jiki a sandare, a ɗauke. Tsohuwa ta yi iya yinta. Takan gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi, ta yi mata tausa da man gyaɗa, ta kunna mata karatun Alƙur'ani a waya har barci ya ɗauke ta. Duk suna taimako. Amma tsohuwata mace ce mai hanzari, ko salla kamar ana korarta. Ranar da ta ce za ta taka da ita, ta fizgo ta kamar mai fid da guga, yarinya ta yi ihu ta koma shimfiɗa, ta ce ba ta ƙarawa.

Lokacin roron wake ne, kowa ya tafi gona. Gida ya rage ni, ita, jariri da awaki. Wata hantsi rana ta cim mini a tabarma, na shiga aikin tashi. Tana kallona ta ƙofar ɗaki.

"Tsoho, kullum haka kake tashi?"

"Kullum. Sai na nemi izinin kowace gaɓa."

Na kama bakina da sauri. Ba ta yi dariya ba, sai ta ce, "Zo ka nuna mini."

Ban taɓa zaton lalacewata za ta zama darasi ba. Na ce ta juya gefe tukuna, kada ta ɗago kai tsaye. Ta sauke ƙafafu. Ta dafa hannu, ta bar hannun ya yi aikin, ba cikin ba. Ta ja iska ta hanci, ta sake ta a hankali kamar mai hura kunu. Mun daɗe. Gumi ya jiƙa ta, ya jiƙa ni. Da ta tsaya, a duƙe ta tsaya, daidai tsawona. Hannu ɗaya ya danne matashi a ciki, ɗayan ya kama sandata sama da nawa.

Muka nufi rumbu. Duk gidan nan ba mai tafiyar da ta yi daidai da tata sai ni. In na tsaya ina haki, ta tsaya tana numfashi tare da ni, ba wanda ya san wa ke jiran wa. Kaza ta wuce mu. Na haɗiye abin da ya zo mini.

Haka muka yi ta yi, safe da la'asar. Daga rumbu zuwa turken awaki, daga baya har zaure. Ni da na yi shekaru ba na takawa sai da dalili, ƙafafuna suka kumbura, ƙugu ya riƙe. Tsohuwa ta dawo gona tana yi wa mai jego tausa, ni ko sannu. Shirun ma ya fi tafiyar gajiyar da ni. Ran nan jikar ta dube ni ta ce, "Tsoho, faɗi abin da ke bakinka kafin ya kashe ka. Dakata." Ta gyara matashi, ta danne sosai. "To, bismilla."

Na ce ina tunanin in ɓarawo ya shigo, sai dai mu roƙe shi ya jira mu. Ta yi dariya a hankali, tana cije baki, tana zagina. Ta duba zanenta. Ba abin da ya ɓarke.

Wata safiya mun kai bakin zaure gwiwata ta ce ta gama. Na zube kan turmin da ke kife, ina neman iska. Sai jaririn ya tsala kuka daga ɗaki, irin kukan da ke tsinka hanji. Ta saki sanda. Matashin ya faɗi a yashi, ba ta waiwaya ba. Na bi ta da ido, ta ratsa tsakar gida ita kaɗai, bayanta ya kusa miƙewa, ta shiga, ta sunkuya ta ɗauko shi da kanta. Kukan ya tsaya.

Ban ce mata komai ba, kada ta tuna ta ji tsoro. Na zauna kan turmin nan rana na cin ƙeyata, ina jiran masu gona su dawo su ɗaga ni.