Tsakar Gidan da Muka Yi wa Gunya

Wata Juma'a ce da hantsi a Disambar 2018, ina da shekara goma sha ɗaya, na tsaya a ƙofar ɗakin wata goɗiya ina kallon yadda take dukan katako kamar za ta ɓalle shi. A waje ɗan sanyin Dubai ya sauka, wanda ake shekara ana jira, an saki sauran dawakin a fili suna ta guje-guje cikin rairayi. Ita kaɗai aka bari a ciki, da bandeji a ƙafarta ta hagu. Sunanta na takarda na Larabci ne mai tsawo, amma Babana Gunya yake ce mata saboda launinta mai ruwan madara, mu ma muka bi bakinsa.

Baba ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a ƙaramar bargar wani dattijon Balarabe, can bayan gari inda gine-gine suke ƙarewa. Mu kuwa a unguwar Deira muke, hawa na huɗu, a saman shagunan masu tura kaya Kano. Juma'a da Asabar babu makaranta, sai in maƙale masa mu tafi tare. A ƙasar abin a juye yake: da zafi ake kulle dawaki a ɗaki mai na'urar sanyi, hunturu ne lokacin shan iskarsu. To daidai lokacin ne Gunya ta ji ciwo a jijiya, likita ya ce wata biyu babu fita. Mai barga ya gaya wa Baba in ta warke ta ci gaba da ɗaukar yara masu koyon hawa, in ba ta warke ba, khalas, shi ke nan, a sayar da ita. A bayanta na fara koyon zaman sirdi, saboda haka na yi ta kuka a mota har Baba ya ce in na ƙara cika masa kunne zai riƙa barina a gida.

Duk abin da ilimi ya ce a yi, Baba ya yi. Ya rage mata hatsi, yana cewa "mai zaman ɗaki ba ya cin abincin mai gudu." Ya zuba mata ciyawa a raga mai ƙananan idanu don ta daɗe tana tsinka, ya rataye mata gishirin lasa. Ni kuma aikina riƙe tiyo, in yi ta kwarara mata ruwan sanyi a ƙafa har yatsuna su ƙage, in goge mata jiki da burushi, in kwashe kashi, in leƙa bokiti in ga ko ta sha ruwa, don in doki ya ƙi ruwa ciwon ciki ne ke biyo baya. Ina yi ina jin kaina babbar ma'aikaciya, har da ɗaure fuska. Amma Gunya ta ƙi kwantar da hankali. Wuni take tana kaɗa kai hagu da dama, tana gwaguyar katakon ƙofa, ciyawar ma sai ta ga dama. Ta fara ramewa, kuma duk dukan da ta kai wa ƙofa sai ƙafar ta sake kumbura.

Mama ce ta warware matsalar, ita da ba ta taɓa taka bargar ba. Tsoron doki take, warinsa ma ba ta so, in mun dawo sai mun tuɓe takalma tun daga bakin bene. Muna cin tuwo Baba yana ta lissafa abin da ya gwada, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Ku da karatunku. A gidanmu turken dokin Malam mahaifinmu a tsakar gida yake, yana kallon masu daka, yana jin faɗan yara. Kun kulle baiwar Allah ita kaɗai, ai ko mai takaba ana zuwa taya ta hira." Baba ya sosa gemu, don ya san an kama shi.

Juma'ar da ta biyo baya Mama ta shiga mota da tabarma, da fulas ɗin shayi, da faranti na wake, da kibiyar kitso. Ta shimfiɗa tabarmar nesa da ƙofar Gunya, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta kama tsifa. Ina ihu tana ranƙwashina tana ba ni labarin wata maƙwabciyarmu. Can na ɗaga ido, sai na ga Gunya ta leƙo da kai, kunnuwa a gaba, ta bar kaɗa kan nan tana kallonmu kamar ta biya kuɗin kallo. Kafin a tafi masallaci ta cinye rabin ragar ciyawa. Daga nan Baba ya dawo da teburin magungunansa bakin ƙofarta, ya roƙi masu share barga, 'yan Sudan da 'yan Pakistan, su riƙa shan shayinsu a wurin. Tabarmar Mama kuwa kowane mako sai ta ƙara matsowa. Ranar da Gunya ta miƙo baki ta fizge mata mayafi, Mama ta saki salati ta rantse ba za ta sake zuwa ba. Sati na zagayowa ita ta riga kowa shiri, tana ƙwala mana kira, "Yalla, ku taho, rana tana yi!"

A ƙarshen Fabrairu likita ya zo, mai barga yana tsaye da carbinsa. Aka fito da Gunya, Baba ya ja ta a hankali, sannan da ɗan sassarfa. Ni dai na riƙe zanen Mama. Likita ya lallatsa ƙafar ya gyaɗa kai. Dattijon ya shafa wuyanta ya ce ta zauna, amma shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu, ƙananan yara kaɗai za ta riƙa ɗauka. Da aka sake ta a ƙaramin fili, ta zaga sau biyu, sai ta dawo ta tsaya jikin shinge daidai inda Mama take. Mama ta ce, "Tafi mana, ke da kike ta kukan fita," amma na ga tana goge ido da bakin mayafi.

Yanzu ina jami'a a wata ƙasa, a ɗaki mai tsabta da ɗumi, ban san sunan wadda ke ɗakin kusa da ni ba. Akwai ranakun da abinci ba ya shiga. Sai in kira Mama, ba don ina da abin faɗa ba. Ta jingina wayar a jikin kwano ta ci gaba da aikinta, ina jin ƙarar wuƙa a kan albasa, ina jin tana yi wa Baba mita, ni kuma in jawo farantina in ci. Ashe jin motsin wani naka ma magani ne.